Huda Uku da Tsayuwar Hajiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mai Keke ta Rano, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan Kibiya lafiya lau muke. Jikokinki suna ta girma, damina ta yi albarka, surukinki kuma yana nan yana jigilar fasinja tsakanin Rano da Kano kamar yadda kika bar shi.

Na san ba za ki karanta wannan ba. Waɗanda za su karanta su ne matan Kibiya da na Rano da ke bin abin da nake rubutawa a waya, kuma da gangan na bar musu ƙofa a buɗe. A cikin taro aka ambaci sunanki, don haka a cikin taro nake so in ba ki labarin yadda aka yi. Sai dai ki yi haƙuri tun yanzu, labarin ba zai fitar da ni kunya ba.

Kin tuna dokarki ta gaisuwa. In babba yana tsaye yana wata hidima, ɗan rusunawa ya wadatar. In kuwa yana zaune, sai gwiwa ta taɓa ƙasa, kai ya sunkuya, a tambayi kwana da gajiya da iyali a tsanake. Kanki kada ya taɓa fin na babba tsawo in yana zaune, haka kike cewa. Kina kan keken ɗinki, idonki a kan allura, baƙuwa tana kan tabarma a bayanki, in na shigo na yi gaisuwar sauri sai ki ce ba tare da kin waiwayo ba, "Koma ki sake, ban ji gwiwa ba." Har na yi aure ban gano yadda kike jin gwiwa a cikin ƙarar keken nan ba.

Da wannan gaisuwa na shiga gidan miji, kuma ita ce ta saya mini wuri. Hajiya, uwar maigida, ba mai yawan magana ba ce, ba kuma mai yabo ba. Amma na sha jin an ce ta ce 'yar Mai Keke ta iya gaisuwa. Kullum da safe kafin in tafi makarantar da nake koyarwa, sai in bi ta sashenta. Tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, matan ƙannen maigida suna kai da komo a tsakar gida, ni kuma in zube in gaishe ta yadda kika koya mini. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin a gan ni ina yi.

Ranar da muka dawo daga sadakar arba'in ɗinki ne abin ya faru. Muna kan babur, gab da shiga Kibiya, akuya ta gitta, mai babur ya kauce, na faɗo ta wuya da kafaɗar hagu. Mai ɗori ya duba ya ce babu karaya. Na yi jinyar wuya na ɗan lokaci, ya warke, kowa ya manta, har ni.

Bayan nan ne numfashina ya fara yi mini gardama. In ina tsaye lafiya lau nake, in yi tafiyata, in yi wa ɗalibai tsawa. Amma da na sunkuya zan ɗauki tsintsiya, sai in ji kamar an zauna mini a ƙirji. In na kwanta rigingine sai in zabura ina neman iska. Na koma barci a jingine da bango da filo uku. Ruku'u da sujada suka gagare ni, na koma salla a kan kujera, ina rufe ƙofa kada yara su gani su kai labari waje.

A asibitin kusa aka ce asma ce, aka ba ni abin fesawa a baki, bai yi komai ba. Wani mai kemis ya ce olsa ce ta hau ƙirji. Wata maƙwabciya ta ce dannau ne, ta kawo turaren hayaƙi da ya kusa aika ni inda kike. Duk wannan kuwa jikina bai rame ba, sai ma ƙiba da na ƙara don na rage motsi. Wa zai kalli mace kumatu cike ya yarda ba ta da lafiya?

Na ɗaura tsintsiya a jikin doguwar sanda don in riƙa shara a tsaye. Matan gidan suka sa mata suna tsintsiyar 'yan boko. Na taya su dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Wata safiya na zube gaban Hajiya kamar kullum. Ina sunkuyar da kai cikina ya matse, iska ta ɗauke, na ga duhu. Ban ƙarasa tambayar kwana ba na daddafa turmi na miƙe ina haki, na fice. Ke kin san tsakanin suruka da uwar miji, ba a zama a yi bayanin ƙirji da ciki.

Daga wannan makon Hajiya ta daina zama. Duk safiyar da na doso sashenta sai in tarar da ita tsaye. Yau tana riƙe da ƙyauren ɗaki, gobe tana gyara abin da ba ya bukatar gyara a igiyar shanya, jibi tana leƙa randa. Tabarmar na nan shimfiɗe, carbin a kai, ita kuwa tana tsaye. In ɗan rusuna in gaishe ta, ta amsa a gajarce, ta ce in tafi kada in makara. Ko a falon maigida ne ko gidan biki, in dai tana zaune na shigo, sai ta dogara sandarta ta miƙe kamar ta tuna wani abu.

Inna, na fassara wannan da fushi. Na ce a raina tsohuwar nan tana gaya mini ne cewa tunda na fi ƙarfin durƙusa mata, ita ma ta fi ƙarfin zama ta karɓi gaisuwata. Na kai ƙara wurin maigida, ya ce shi bai ga komai ba, in bar tsohuwa ta yi tsayuwarta. Na ƙullace ta. Na riƙa yi mata gaisuwar da babu ko ɗigon fara'a a ciki. In na dafa abu mai daɗi na zuba mata, sai in ba yara su kai, don kada in je in gan ta tsaye. Kusan shekara biyu muna haka.

Sai ranar wani suna a Unguwar Gai. Hajiya ba ta je ba, aka ce ƙafa ta matsa mata, ni na wakilci gidan. Na shiga ɗakin da tsofaffi suke, cike, kowa zaune a ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa na rusuna iya abin da zan iya, na gaishe su. Wata tsohuwa da ban ma san sunanta ba ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Wannan ba 'yar Mai Keke ta Rano ba ce? Allah Ya jiƙanta. Ashe ɗinki kawai ta iya."

Da ni ta zaga da na haɗiye. Ke ta taɓa, kina kabari, a kan abin da kika fi kowa tsanantawa a kai. Na yi niyyar in zube a wurin ko da zan suma, amma ƙafafuna suka ƙi, tsoron duhun nan ya riƙe ni. Na fito ban ci abincin sunan ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na ɗauka ba zan ƙara jin wadda ta fi ta ba.

Wannan ne ya sa na tsaya wa maigida sai ya kai ni Kano. A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjina, sannan aka tsayar da ni gaban wata na'ura aka ce in ja iska ta hanci da ƙarfi, kamar mai son jin ko miya ta kama. Likitan ya juyo mini da hoton yana motsi. Ya ce a ƙarƙashin huhu akwai wata tsoka mai faɗi, shimfiɗe kamar faifai, ita ta raba ƙirji da ciki. Ita ce ke sauka ta ba huhu wuri ya cika da iska. Jijiyar da ke motsa ta daga wuya take saukowa, tawa ta hagu kuma ta mutu tun faɗuwar nan. Sai tsokar ta saki, ta yi sama, ta takure huhun. In na sunkuya ko na kwanta, kayan cikina sai su ƙara tura ta. Na gani da idona, ɓangaren dama yana sauka in na ja iska, na hagu kuwa sai ya yi sama.

Na yi kuka a gabansa, ya zaci tsoro ne. Daɗi ne, Inna. Ashe abin yana da hoto. Ji na yi kamar in karɓe hoton in bi gida gida da shi.

Ya ce jijiyar ba lalle ta dawo ba tunda an daɗe, amma za su iya janyo tsokar ƙasa su ɗaure ta ta daina hawa. Ba za su tsaga ƙirjin ba. Huda uku ƙanana za su yi tsakanin haƙarƙari, su zura kyamara ta ɗaya, su zura dogayen kayan aiki ta sauran, suna kallo a talabijin. Sai su riƙa ninke tsokar da ta saki, ninki bayan ninki, suna ɗinkewa har ta miƙe ta yi tauri. Na ce masa tattara ke nan. Ya yi dariya ya ce ita ce. Tattara, Inna, irin wadda kike yi wa siket ɗinmu na makaranta in yadin ya yi yawa. Da kina nan da kin tambaye shi irin zaren.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Na tambaye shi ko babu irin aikin da ake tsagawa sosai. Ya ce akwai, amma ya fi ciwo, ya fi daɗewa kafin a warke, me zan yi da shi? Ba zan iya ce masa tabo nake so ba, dogo, wanda zan ɗaga riga in nuna wa tsohuwar Unguwar Gai da duk masu yi wa tsintsiyata dariya.

Aka yi aikin. Na farka da ciwo a awaza da wata roba da aka bari tana fitar da ruwa, aka cire ta bayan kwana kaɗan. Aka ba ni wani abin busawa, aka ce in riƙa jan numfashi har ƙasa ko da yana ciwo, don huhun da ya daɗe a takure ya buɗe. Ranar da za a sallame ni na gwada kwanciya rigingine. Na kwanta ina kallon silin ina jiran abin nan ya zo ya zauna mini a ƙirji, bai zo ba.

Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, ita ta zo daga Rano ta zauna da ni a gida. Da ta ɗaga rigata ta ga filasta uku, kowace ba ta fi kan yatsa biyu ba, sai ta riƙe haɓa. Ta ce wannan ne aikin da aka yi ta addu'a a kai? Ai tsagar wanzami ta fi wannan. Ta ce gobe mata za su cika gidan nan dubiya, in suka ga wannan cewa za su yi hutu na tafi Kano. Ta aika kemis aka sayo bandeji mai faɗi, ta naɗe ni tun daga hammata har ƙugu, ta ja ta tsuke. Ba zan ɗora mata laifin ba. Ni na ɗaga mata hannuwa, har ina ce mata ta ƙara zagaye ɗaya.

Washegari suka zo. Na jingina a gado, na bar wuyan riga ya ɗan zame don farin bandejin ya fito. Mai shigowa ta gani ta dafe ƙirji ta ce sannu, ashe haka kike fama. Masu sunan tsintsiya suka yi ta sunkuyar da kai. Na riƙa amsa sannu da 'yar muryar da ba tawa ba. Numfashina ya koma gajere kamar da, don bandejin ya hana ƙirjin buɗewa, amma ban damu ba. Ina karɓar sannun nan ina jin kamar ana wanke ki.

Da la'asar, bayan an watse, na ji ƙarar sanda a tsakar gida. Hajiya ce. Ta daɗe kafin ta iso, ta tsaya a bakin gado ba ta zauna ba, ta kalli bandejin, ta kalli yadda kafaɗuna ke ɗagawa. Ashe ɗanta ya riga ya gaya mata huda uku ne. Ta ce, "Kwance wannan abin. An je an buɗe miki numfashi, ke kuma kin zo kin ɗaure shi don mutane."

Gwaggo ta sulale ta fita. Na kwance shi da hannuna, zagaye bayan zagaye, tana tsaye tana kallo, har 'yan filastocin nan uku suka bayyana. Na kasa ɗaga ido. Ta ce in ja numfashi ta gani. Na ja, ya tafi har ƙasa. Ta gyaɗa kai ta juya. Ko a lokacin, Inna, abin da na ce a raina shi ne ta zo ta tozarta ni ne.

Da makonni suka wuce ciwon awazar ya lafa, na fara gwaji a ɗaki. Na yi ruku'u, lafiya. Na yi sujada, na daɗe a ciki har na jiƙa dardumar da hawaye. Na kwance tsintsiyar daga jikin sandar na share ɗakina a sunkuye. Saura abu ɗaya, kuma na yi niyyar in yi shi a gaban kowa, ba don ladabi kaɗai ba, har da son in nuna wa Hajiya cewa ba girman kai ba ne.

Na zaɓi safiyar da tsakar gida ke cike. Ta ji takuna, kafin in iso ta miƙe ta kama ƙyauren ɗakinta kamar kullum. Ban rusuna ba. Na je gabanta na zube, gwiwa biyu a ƙasa, da ƙarfin da ko kina kan keke sai kin ji. Na sunkuyar da kai na gaishe ta tun daga kwana har gajiya har iyali, ban tsallake ko ɗaya ba, muryata ba ta yanke ba.

Ta kasa kunne. Tana saurarar numfashina ne. Da ta tabbata ba haki nake ba, sai ta saki ƙyauren, ta dafa bango, ta fara sauka a hankali tana cije leɓe, har ta kai tabarma. Ta miƙe ƙafafunta ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "To alhamdu lillahi. Ni ma yau na zauna."

Zaninta ya ɗan janye. Daga inda nake a ƙasa na ga gwiwoyinta, kowace ta kumbura ta yi sheƙi, duk tabon tsaga da shafe shafen magani. Mai tsayuwa ba ya ganin wannan, kuma ni kusan shekara biyu a tsaye nake zuwa mata. Na ce, Hajiya, da wannan ƙafar kike miƙewa kullum? Ta ɗauki carbinta ba ta dube ni ba, ta ce, "In ina zaune kina tsaye a kaina, me za a ce da uwarki? In duk muna tsaye ai babu mai magana."

Dokarki ce, Inna. Babba in yana tsaye, rusunawa ta wadatar. Tun ranar da na daddafa turmi ta gane ba na iyawa, ba ta san sunan ciwon ba, ba ta ga hoto ba, ba ta nemi tabo ba. Gajeriyar amsar da nake jin haushinta, ƙafa ce ba ta iya ɗaukarta fiye da haka. Sai a lokacin na lura cewa sau ɗaya tak aka taɓa sunanki, kuma a ɗakin da ba ta je ba ne. Ni ina can ina neman bandejin da zan kare ki da shi, ashe akwai mai tsaron sunanki kowace safiya da gwiwoyin da ko wurin randa ba sa son kai ta. Wannan matar ce na riƙa aika wa abinci ta hannun yara.

Kunyar Unguwar Gai wasa ce a kan wannan. Na kifa kaina a kan tabarmarta na kasa tashi, ba don numfashi ba. Na nemi gafara, ta ce ba ta san na yi mata komai ba, in tashi kada in makara.

Yanzu kullum da safe da man zafi nake zuwa. In gaishe ta, sannan in zauna a ƙasa in murza mata gwiwoyin, tana jan carbi tana cewa na cika dannawa. Maigida ya yi alkawarin kai ta Kano a duba ta, tana ta cewa ita ba za a huda ta ba. Huda ukun nawa sun warke, sun zama 'yan ɗigo da sai an nema. Ban nuna wa kowa ba, ba kuma zan nuna ba. Masu karanta wannan da suka zo dubiya suka ga bandeji, yau kun ji abin da ke ƙarƙashinsa. Tsohuwar Unguwar Gai kuma, in akwai jikarta a nan, ta gaya mata Mai Keke ta koyar da gaisuwa, ta kuma koyar da kyau.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya saka wa waɗanda suka yi mini wannan ɗinki da alheri. Hajiya kuma, ki taya ni roƙo in ana roƙo a inda kike, Allah Ya ba ta lafiyar ƙafa, Ya sa kowace miƙewa da ta yi domina ta same ta a mizani, Ya zaunar da ita kusa da ke ranar da kowa zai tsaya. Amin.

Ki huta lafiya. Gobe da safe ki kasa kunne, za ki ji gwiwa.

Ni ce 'yarki,
Binta, daga Kibiya.